Tsohuwar taswirar dutsen Bagzam: ina ta riƙe gaskiya, ina ta tsufa?

Laminu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ga hoton wata tsohuwar taswirar Faransawa mai ma'aunin 1/200 000, lamba NE-32-IX, wadda ta ɗauki dutsen Bagzam da kwaruruwan da ke gindinsa a ƙasar Abzin. Takardar ta sha ninki, gara ma ta ɗan taɓa kusurwa ɗaya. Ana so a fitar da rijiyoyi da hanyoyin dabbobi daga cikinta a zuba a waya, a kuma ƙiyasta yawan dabbobin da wurin zai iya ɗauka. In ya yiwu, sai a yi irin wannan aiki da ta Dakoro. Za a iya dogara da ita, ko ta zama kayan ajiya kawai?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. Laminu, ka ɗauko mana tsakiyar takarda ka bar gefe, alhali gefen ne mai magana. Sake ɗaukar ƙasanta da kyau. Shekaru iri uku za ka nema a can: shekarar da jirgi ya ɗauki hotunan sama, shekarar da ma'aikata suka bi ƙasa suna tambayar sunaye, da shekarar ɗab'i. Mutane sukan riƙe ta ƙarshe, kuma nan suke kuskure. Takarda tana iya fitowa daga maɗaba'a shekaru da dama bayan hoton, amma abin da ke cikinta na ranar da jirgi ya wuce ne. Galibin waɗannan na IGN, hukumar taswira ta Faransa, an gina su kan hotunan sama na shekarun 1950, wato kafin farin 1973 da na 1984.

Ma'aunin kuwa, santimita 1 a takarda kilomita 2 ne a ƙasa, milimita 1 mita 200. Ka riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa. Kowace takarda digiri 1 ce tsaye, digiri 1 kwance, kimanin kilomita 111 daga kudu zuwa arewa, wato santimita 55 da ɗan ɗoriya.

Lambar ma ba ado ba ce. NE-32 babban fili ne daga digiri 16 zuwa 20 arewa, da digiri 6 zuwa 12 gabas. An yanka shi gida 24, ana ƙirgawa daga kusurwar kudu maso yamma, shida shida a jere. Gida na IX ya faɗa tsakanin 17 da 18 arewa, 8 da 9 gabas. Da wannan lissafi kana iya sanin lambar kowace takarda ba ka gan ta ba: Maradi ND-32-VIII, Dakoro ND-32-XIII, Yamai ND-31-IX. In za ka nema a IGNN, hukumar taswira ta Nijar, a Yamai, da lamba ake tambaya, ya fi sauri.

Abu ɗaya kuma: tabbatar daga Girinwic aka ƙirga layukan gabas. Wasu tsofaffin takardun Faransawa daga Paris suke ƙirgawa, bambancin digiri 2 da minti 20, wanda a Abzin ya kusa kilomita 250.

Hajiya Rabi:
Malam ya gama da gefe, bari in ɗauki sikan. Laminu, hoton waya ba ya wannan aiki. Gilashin kamara yana lanƙwasa gefe, hannu kuma ba ya tsayawa daidai saman takarda. Da farko shimfiɗa ta a tebur, ka ɗora farar takarda da littattafai masu nauyi kwana 2 ko 3 har ninkin ya kwanta. Kada ka sa mata dutsen guga, kada ka liƙa salatif a inda ta yage, gam ɗinsa yana rina takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Sannan ka auna sandar ma'auni da ke ƙasa da rula ta ƙarfe. Kilomita 10 dole ya zama santimita 5 cif. In ka sami 4,95 to takarda ta tsuke da kashi 1 cikin 100, wato kilomita 1 cikin kowane 100. Kuma ba ta tsukewa daidai tsaye da kwance. Damina ta kumbura ta, hunturu ya busar da ita, shekara bisa shekara.

A sikana ka sa 400 dpi, wato ɗigo 400 a kowane inci, mai launi, ka adana TIFF. A nan kowane ɗigo ya kusa mita 13 a ƙasa, ya wadatar. In babu babbar sikana sai A3, yi ta gunduwa-gunduwa, kowace ta hau ƴar'uwarta da santimita 3, kuma kada ka haɗe su a manhajar gyaran hoto. Kowace gunduwa a ɗora ta ita kaɗai a QGIS, manhajar aikin taswira ta kwamfuta. Fara da kusurwoyi da mahaɗar layukan digiri, aƙalla 9 a baje ko'ina, da polynomial na mataki 1. Duba ragowar kuskure. Wurin da ya fi ɗigo 3 ko 4, galibi hannu ne ya goce, ko ninki ne ya ratsa nan. Tsarin fitarwa UTM, mai auna wuri da mita, yanki 32 arewa, lambarsa 32632.

Laminu:
Na gode Hajiya. To wane datum, wato tushen da ake auna wurare daga gare shi, zan ba ta? Wani ya ce a sa Point 58 shi ke nan.

Hajiya Rabi:
A'a ƙanena, kada ka yi saurin haka. Takardar za ta ce maka Clarke 1880, amma wannan siffar duniya ce kawai da aka yi lissafi a kanta. Point 58 ya fito ne daga awon da aka bi layin digiri 12 a ƙarshen shekarun 1960, can kudu, kuma takardun da suka girme shi ba su san da shi ba. Su an kafa su ne kan wuraren da aka auna da taurari, kowace takarda da nata gocin. In ka yi canjin Point 58 zuwa WGS 84, wanda GPS ke aiki da shi, za ka ga motsi na mita 100 da ƴan kai, rabin milimita a takarda, amma gocin awon taurari yana iya fin haka. Mafita ita ce bayan ka ɗora ta da layukanta, ka kunna hoton tauraron ɗan'adam a ƙasanta, ka nemi abin da ba ya motsi: ƙololuwar dutse, bakin tsaga, inda kori ya matse tsakanin duwatsu biyu. Auna gocin a wuri 10. In duk gefe ɗaya suka karkata da kusan nisa ɗaya, sai ka tura takardar baki ɗaya. Kada ka kafa da mahaɗar kori a cikin rairayi, ambaliya ɗaya tana kai ta wani wuri.

Baba Ɗan Tarka:
Sannunku da aiki, malamai. Ni abin da zan ce ma yaron ga kaɗan ne. Takardar ga ta san dutse, ba ta san ruwa ba. Inda sunka zana tsauni, yana nan. Inda sunka zana rijiya, sai ka tahi ka gani. Kuma a Abzin ruwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai anu, rijiya ke nan mai zurhi. Akwai eres, ramin da ake tonawa da hannu cikin rairayin kori bayan ruwa ya wuce, wata biyu ukku ya ƙahe. Akwai agelmam, ruwan da ke kwance cikin kwarmin dutse. Bature ya sa musu ɗigo shuɗi kusan iri ɗaya. Wanda ya kora garke cikin watan Afrilu yana bin ɗigo, ya iske eres, ya kashe dabbobinshi.

Malam Isufu:
Baba ya yi gaskiya, ko da yake a jadawalin alamomi sun yi ƙoƙarin rabawa: za ka ga "puits", wato rijiya, za ka ga "puisard", wato ramin ruwa marar zurfi, wani wuri har da zurfin rijiya a rubuce. Matsalar ita ce wanda ya rubuta sau ɗaya ya zo, a wata ɗaya na shekara ɗaya, ya tambayi wanda ya tarar.

Mu koma kan dutsen, inda takardar ta fi ƙarfi. Jajayen layukan nan masu kewaye juna, kowane ɗaya yana bin tsayi ɗaya ne. Tazararsu tana rubuce a ƙasa wurin "équidistance", a irin wannan ma'auni galibi mita 40. Lissafin gangare ba wuya. In tsakanin layi da layi milimita 2 ne, an hau mita 40 cikin mita 400, kashi 10 cikin 100 ke nan, raƙumi da kayansa zai bi. Milimita 1, kashi 20: jaki da akuya, raƙumi kuwa sai hanya tana karkacewa. Rabin milimita, kashi 40, wannan na akuya ne da mai ƙafa. In layukan suka manne har mai zane ya bar su ya sa alamar tsauni, bango ne.

Inda layi ya ratsa kwari yana yin V, kuma bakin V ɗin yana kallon sama, inda ruwa ke fitowa. Da wannan kaɗai za ka san inda kowane kori ya dosa ko da shuɗin ya koɗe. Mashigi kuwa, nemi inda tuddai biyu suka fuskanci juna, layuka suka yi siffar sirdi. Hanyar dabbobi ta nan take bi, jiya da yau.

Amma ga iyakarta: duk abin da bai kai mita 40 ba yana iya ɓuya tsakanin layi biyu. Gangaren mita 25 a tsaye, wanda ya isa ya tare garke gaba ɗaya, ba lallai ya fito ba. A gefen Bagzam, inda ake hawa ɗaruruwan mita cikin ɗan taƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa nake cewa a haɗa da SRTM, awon tsayin da kumbon Amurka ya yi a Fabrairun 2000, mai ɗigon mita 30. Kyauta ne, QGIS yana fitar da gangare daga cikinsa. Shi ma a cikin matsattsiyar tsaga yakan bar rami ko ya daidaita abin da ba daidai ba.

Ƙololuwar Bagzam, Idukal-n-Taghes, mita 2 022 ce, ita ce mafi tsawo a Nijar. Tsofaffin littattafai da dama Girebun suke ba wannan matsayi, mai mita 1 944. Ko tsayin dutse ma sai da aka sake dubawa.

Laminu:
Malam, in waya ta ba da tsayi dabam da na takarda fa, wa za a bi?

Malam Isufu:
Takarda, in a kan ɗigon da aka rubuta masa lamba kake tsaye. GPS na waya a kwance yana iya kawo ka cikin mita 5, amma a tsaye yana lilo da mita 10 zuwa 20. Wasu manhajojin kuma ba daga matakin teku suke ƙirgawa ba, sai su ƙara maka kimanin mita 20 a ƙasarmu.

Dakta Mamman:
Ni wurin ƙiyasin dabbobi nake jin tsoro, don nan ake yin ɓarna da biro. Santimita 1 murabba'i a wannan takarda hekta 400 ne. Sai mutum ya ƙirga gidaje 100, ya ce hekta 40 000, ya ninka da ciyawar da ya saba gani a Tarka ko Gadabeji, ya fito da garken da ko rabinsa wurin ba zai ciyar ba. Dutse ba jigawa ba ne. Mafi yawan abin da ke cikin gidajen nan baƙin dutse ne tsirara. Abincin yana cikin kori da gefensa: kandili, aduwa, jiga, goriba a manyan kwaruruwa, da afazo a inda rairayi ya kwanta.

Yadda ya kamata a yi: a zana kowane kori, a auna tsawonsa da faɗin inda itace yake daga hoton tauraro na yanzu, a ninka. Kori mai kilomita 20 da faɗin mita 300 hekta 600 ne kacal. Sai a ƙara filayen saman dutse masu laushin gangare. Duk abin da ya wuce kashi 40 a cire shi, abin da ke tsakanin 20 da 40 a bar wa awaki kaɗai.

Awon da ma'aikatar kiwo ke aiki da shi shi ne UBT, dabba mai kilo 250 da ke cin kilo 6,25 na busasshen abinci a rana. Rani wata 9, kwana 270, ya kama tan 1,7. Raƙumi UBT 1, saniya 0,8, akuya ko tunkiya 0,15. Kuma ba duk abin da ya tsiro ke shiga ciki ba. Tattaki, iska, gara da rana suna cin nasu, ana lissafi da kusan kashi 1 cikin 3 na ciyawa. Abin da taswira ba za ta taɓa ba ka ba shi ne kilo nawa hekta ta bayar bana. Wannan sai an je ƙarshen damina an yanka murabba'in mita, an shanya, an auna. A Abzin kori biyu maƙwabta, ɗaya ya sami ruwa ɗaya bai samu ba, a shekara ɗaya.

Sannan lambuna. Yankin Tabelot yau albasa ce da injin ban ruwa a gefen kori, wuraren da takardar ta nuna fili. Wannan ya rage makiyaya, ya kuma taɓa zurfin ruwan rijiyoyi.

Salisu:
Dakta, a nan nake ganin amfaninta ya fi yadda kuke faɗa. Tsufanta shi ne darajarta. In an zo kan ta Dakoro, takarda ce da ta nuna ƙasa kafin gonaki su haura arewa. Dokar 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma dokar kiwo 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da ita, ta hana mutum ya mallake filin kiwo shi kaɗai. In wani ya kewaye fili da waya ya ce gonar kakansa ce, ga takarda ta nuna babu gona, babu gari, sai rijiya da hanyar shanu. Me zai hana a ajiye ta gaban kwamitin filaye? Mu a jihar Maradi mun san inda rikicin burtali ke kaiwa, kashe-kashen ƙauyen Toda na 1991 ba su fita zukatan mutane ba.

Hajiya Rabi:
Malam Salisu, a ajiye ta, amma a san abin da za a ce ta shaida. Layin hanya a takardar kaurinsa ya kai kashi 3 cikin 10 na milimita, mita 60 ke nan a ƙasa. Ƙara gocin ɗorawa na mita 100 zuwa 200. Kuma mai zane yakan matsar da hanya gefe da gangan in ta haɗu da kori ko rubutu, don a iya karantawa. To yaya za ka tsaya a gonar mutum ka ce daga nan zuwa nan burtali ne, da abin da ke lilo da mita 300? Za ta iya cewa akwai hanya tsakanin wannan rijiya da waccan a shekara kaza. Ba za ta iya cewa ga inda za a kafa turaku ba.

Salisu:
Na yarda da batun turaku. Amma rashin gona a takarda fa?

Malam Isufu:
Shi ma da sauƙi a rushe shi. A ma'aunin nan ba a zana gona ɗaya ɗaya, sai dai a watsa alamar noma a yanki. Saura da aka bari ta huta tana kama da daji a hoton sama. Rashin alama bai zama hujjar rashin gona ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne hotunan saman da aka yi taswirar da su, don sun fi ta girma nesa ba kusa ba, da na 1975. Akwai kuma hotunan Corona, taurarin leƙen asiri na Amurka, daga 1960 zuwa 1972, da aka saki a 1995, ana samunsu a shafin USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Masu kyaun cikinsu suna nuna abu mai mita 2 zuwa 3. A nan burtali yana fitowa fari tsakanin gonaki, har shingen a gani. Wannan, da bakin dattawan ɓangare biyu, da sarakuna, shi kwamiti zai iya tsayawa a kai. Taswira ta zama mai nuna inda za a duba.

Salisu:
To ko a batun rijiyoyi tana aiki. Dokar 2010 ta sa tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga foraj. A takarda santimita 7,5 da 10 da 15. Gocin mita 200 ba ya ɓata wannan lissafi.

Dakta Mamman:
A filin Dakoro haka ne. A dutse kada a ja da'ira da kamfas a ce an gama. Rijiya biyu na iya zama kilomita 8 a miƙe, amma tsauni na tsakani, dabba sai ta zaga 25. A auna da zare ana bin kori da mashigi, sannan a miƙe zaren kan sandar ma'auni.

Baba Ɗan Tarka:
Ku ƙara da sunaye. Bature ya rubuta da kunnenshi. Mu nan mun ga Doutchi wurin dutsi, Goulbi wurin gulbi, Tessaoua wurin Tasawa, Guidan wurin gidan. Na Buzaye ya hi wuya: harahin da suke hiddawa daga maƙogwaro ya rubuta shi "rh" ko "r", shi ya sa Eghazer ta koma Irhazer. In ka karanta ma makiyayi yadda aka rubuta, sai ya ce bai san wurin ba, alhali nan yake shayarwa. Kuma suna ɗaya yana maimaituwa wuri da yawa. Ka tambayi sunan rijiya tare da sunan korinta da dutsen da ke kusa, ukku tare. Kuma kada kowa ya hau Abzin da takarda kaɗai ba ɗan ƙasa a gaba.

Laminu:
Allah ya ƙara girma, Baba. Saura kibiyoyi uku da ke gefe, masu nuna arewa. A yi aiki da lambar da ke jikinsu?

Malam Isufu:
Kada ka kuskura. Ɗaya arewar gaskiya ce, ɗaya ta layukan UTM, ɗaya ta allurar busol. Biyun farko ba su canja ba. Ta ukun kuwa ta shekarar da aka rubuta ce, lokacin allura tana karkata yamma da digirori. Yau a ƙasarmu ta dawo dab da sifili, har ta ɗan leƙa gabas. An rubuta yawan canjin kowace shekara a gefe, amma ba a ninka shi da shekara 60, don saurin canjin shi ma ya canja. Kuskuren digiri 1 mita 17 ne cikin kowane kilomita. Digiri 5 a tafiyar kilomita 10 ya kusa mita 900, ka wuce bakin kori ba ka gan shi ba. Ɗauko lambar bana daga lissafin NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka. Kuma a Abzin akwai duwatsun aman wuta masu jan allura, ka matsa daga jikin dutse da mota kafin ka karanta.

Hajiya Rabi:
Wajen zubawa a waya, fitar da GeoTIFF ka buɗe a manhajar QField ko Avenza, duka suna aiki ba intanet. Rijiyoyin kuwa ka yi musu fale dabam, kowace da gurbi huɗu: sunan takarda, sunan da mutane ke kira, irin ruwan, da watan da yake ƙafewa. Duk wadda ba a taka an gani ba a bar ta da launi dabam, kada ta gauraya da tabbatattu. Asalin takardar a naɗe ta cikin bututun roba mai faɗin santimita 10, a rufe baki biyu, a ɗaga daga ƙasa saboda gara. Kada a yi mata rufin leda mai zafi, in an yi ba ya cirewa.

Laminu:
An gama, zan bi haka. Gobe in Allah ya kai mu zan saka hoton ƙasan takardar da shekarun uku, da abin da rula ta ba ni a sandar ma'auni.

Malam Isufu:
Ka auna gefen tsaye ma, daga layin 17 zuwa na 18, a dama da hagu. In suka bambanta da fiye da milimita 1, ninkin tsakiya ya ja takardar, sai a ɗora rabin sama da rabin ƙasa kowane dabam.